Ƙungiyata ta tsufa a hannuna: in watse ta ne ko in bi a hankali?

Baban Sadiq

Assalamu alaikum 'yan uwa manajoji. Shawara na zo nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Kusan shekara biyar ke nan ina riƙe da ƙungiyata a wasan nan namu na intanet na jagorancin ƙungiyar ƙwallon kwando, kaka 16 cif. Daga can ƙasa na faro, yanzu kaka biyar ke nan muna rukuni na uku. Sau biyu muna kaiwa wasan ƙarshe na hawa rukuni na biyu, sau biyu ana dawo da mu. Ga shekarun 'yan wasana biyar da ke fara wasa: dogon da ke tsaye ƙarƙashin kwando 34, mai raba ƙwallo 33, na gefe biyu 31 da 29, sai ɗaya dogon mai 30. A benci ma babu yaro, ƙaraminsu 27. Albashin 'yan wasa dubu 290 ne a mako, abin da ke shigowa daga tikiti da talabijin da sayar da riguna bai wuce dubu 310 ba. In aka cire na koci da likita, asusun raguwa yake kowane mako. Yanzu dubu 900 suka rage a ciki.

Wasan ranar Asabar ne ya hana ni barci. Ina teburin mai shayi ina bi ta waya, har ƙarshen kwata ta uku muna gaba da maki 14. Ana shiga ta huɗu sai ka ce an zare wa mutanena laka. Layin rubutu yana hawa, ina karantawa: ƙwallo ya bugi bakin kwando ya dawo, yaronsu ɗan shekara 22 ya cafe. Sau huɗu a jere, dogona yana nan a wurin. Aka ci mu da maki 6. Shayin ya huce a kofi ban ko kurɓa ba. Dama tun ranar Juma'a na ga jar kibiya biyu a shafinsa, alamar ƙwarewa ta ragu, ɗaya a cafe ƙwallo ɗaya a juriya.

To, in sayar da kowa in faro daga tushe, ko in riƙa sauya su ɗaya bayan ɗaya? Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya taimaka.

Ɗan Tudun Wada

Wa alaikumus salam Baba. Ni ba zan ɓoye maka ba, sayar da su duka, yau in da hali. Kowane mako ka ƙara da su, farashinsu sauka yake.

Dubi abin da Boston ta gasar NBA ta Amurka ta yi a 2013. Kevin Garnett yana da shekara 37, Paul Pierce 35, su ne suka ciyo musu kofin 2008, duk garin na son su. Danny Ainge, mai kula da cinikin 'yan wasan ƙungiyar a lokacin, bai tsaya kallon wannan ba, ya tura su Brooklyn ya karɓi damar zaɓen matasa na shekaru masu zuwa. Ta nan aka samo Jaylen Brown a 2016, aka samo Jayson Tatum a 2017, su biyun nan suka ɗauko kofin 2024. Da ya bar tsofaffin nan sun ƙare a hannunsa, da ko sisi bai samu ba.

Ga lissafi kuma. Ka sauke albashi daga dubu 290 zuwa 140, ka tsira da dubu 150 a mako. Mako 14, miliyan biyu da ɗoriya ke nan a kaka guda, ban da kuɗin cinikin su kansu. Kaka biyu ka yi haka, ka dawo kasuwa da ƙarfinka.

Malam Isuhu Damagaram

Sannu Baban Sadiq, Allah ya ba da mafita. Ƙanena na Tudun Wada, labarin Boston gaskiya ne, amma ka bar rabinsa a baya. Boston ta yi sa'ar samun mai saye da ke gaggawar kofi, ya biya tsofaffi da farashin matasa. A kasuwarmu wa zai yi maka haka? Kowa yana ganin shekaru a rubuce. Ɗan 34 in ka sa shi gwanjo, da ƙyar ya kawo albashinsa na mako uku. Kuma a wasanmu ba a musayar damar zaɓe, kuɗi ne kawai.

Lissafinka ma ya ɗauka abin da ke shigowa zai tsaya yadda yake. Ba ya tsayawa. Ni na yi wannan abin da kake faɗa, kaka shida da suka wuce. Na sayar da mutum bakwai a mako biyu. Wasa uku na farko zaure ya cika kamar da, daga nan 'yan kallo suka fara janyewa, na rage kuɗin tikiti, suka ƙara janyewa. Ƙarshen kaka na faɗa rukuni na huɗu, kuɗin talabijin ya sauka, zauren da na kashe dukiya na faɗaɗa ya koma rabi wayam. Ga kuma mafi ƙarancin albashi da dole ka biya ko da 'yan wasanka ba su kai haka ba. Abin da na ɗauka zan tara miliyan biyu, da ƙyar na haɗa miliyan ɗaya da dubu 200. Kaka uku na yi kafin in dawo inda na baro.

Ɗan Tudun Wada

To Malam ai ka dawo ɗin. Kuma da matasa ka dawo, ba da tsofaffi ba.

Malam Isuhu Damagaram

Na dawo, amma wanda muke kafaɗa da kafaɗa da shi a lokacin, bai watsa tasa ba, yanzu yana rukuni na biyu. Wannan nake so ka auna.

Maman Ilham

Salamu alaikum. Kafin a kai ga sayarwa ina da tambaya ɗaya, Baban Sadiq. Wa kake ba horo a yanzu? Kuma yaushe rabon da ka ga koriyar kibiya, alamar ƙarin ƙwarewa, a jikin ɗan wasanka?

Baban Sadiq

Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Tun da muka hau rukuni na uku na daina horon mutum ɗaya ɗaya. Juriya nake sa wa, wani makon jifan fanareti, in babban wasa ya matso in sa gyaran jiki. Duk na ƙungiya gaba ɗaya. Ina ganin kaka shida ke nan ban raini yaro ba.

Maman Ilham

To nan matsalar take, ba a shekarun dogonka ba. Kowace ƙungiya tsufa take, kowace kaka kowa sai ya ƙara shekara. Abin da ya same ka shi ne kaka shida gonar horonka tana zaune ba shuka.

Bari in shimfiɗa yadda nake kallon abin. Dukiyar da wasan nan ke ba kowa daidai, mai kuɗi da talaka, ita ce mintina. Wasa uku a mako, biyu na gasa ɗaya na kofi ko na sada zumunci. Kowane wasa minti 48. Gurbi guda ke nan yana da minti 144 a mako, kuma yaro yana bukatar 48 a gurbin da ake horarwa kafin ya samu cikakken horo. Wato gurbi ɗaya yana ɗaukar yara uku. In ka buɗe horon zuwa gurbi biyu za ka ɗauki shida, amma kowa tafiyarsa za ta ragu, taura biyu ba ta taunuwa. Mako 14 sau kaka shida, mako 84 ke nan. Ka ƙiyasta inda yaro ɗan 18 zai kai a mako 84 na horo. Da yanzu yana 24, shi ne tauraronka, kuma ba ka saye shi da miliyan ba.

Daga 18 zuwa 21 yaro ya fi saurin ɗauka, daga nan abin sai ya fara nauyi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsawo ma yana da tasiri: dogo ya fi saurin koyon aikin ƙarƙashin kwando, gajere ya fi saurin koyon jifa daga nesa da riƙon ƙwallo. Kada ka sayi dogo ka ce za ka mai da shi mai raba ƙwallo, wahala ce.

Saboda haka ni tambayar da zan yi ba "in sayar da kowa ko kar in sayar" ba ce. Wane gurbi za ka share wa yara, kuma wa ke zaune a gurbin nan yanzu? Shi ne zai tafi. Sauran su tsaya su riƙe maka rukuni.

Alhaji na Zangon Kumasi

Allah ya yi miki albarka 'yata, kin faɗi magana. Ni abin da zan ƙara ba na lissafi ba ne. Na daɗe a wasan nan, kuma na ga abin da watsa ƙungiya ke yi wa mai ita. Mutum uku na sani a zauren nan da suka sayar da kowa da niyyar tara kuɗi. Makon farko suna shiga kullum. Da aka fara cin su da maki 40, 50, sai suka koma shiga sau ɗaya a mako don tsara jeri. Daga nan jerin ma aka daina. Yau biyu daga cikinsu kwamfuta ce ke riƙe da ƙungiyoyinsu, kuɗin da suka tara ya tafi tare da su.

Kaka guda wata uku ce da 'yan kwanaki. Kaka biyu na shan kashi ya haura rabin shekara kana buɗe waya kana ganin abin da zai ɓata maka rai. Baban Sadiq mutum ne da ke zama ya bi wasa layi bayan layi har shayinsa ya huce. Irin wannan mutumin ba zai jure ba, kuma ba laifi ba ne.

Ɗan Tudun Wada

Alhaji, da girmanka, amma ai haƙuri shi ne wasan. Philadelphia ta yi shekara uku tana shan kashi da gangan a zamanin manajanta Sam Hinkie, ta samo Joel Embiid, ɗan Kamaru, na uku a zaɓen 2014. A 2023 shi ne gwarzon ɗan wasan NBA gaba ɗaya.

Na Samaru

Ƙanena, Philadelphia fa ba misalin da za ka kawo ba ne in kana son ka ci muhawara. Kakar 2013 zuwa 2014 wasa 19 suka ci cikin 82. Ta gaba 18. Ta gaba 10, aka ci su 72. Shi Embiid ɗin kaka biyu cur ya yi bai taka fili ba saboda ciwon ƙafa. Hinkie kansa bai ga amfanin gonar ba, ya ajiye aiki a 2016. Kuma duk wannan wuya da aka sha, a shekarun da suka biyo baya zagaye na biyu na wasannin fitar da gwani ya zame musu katanga. Ita hukumar NBA ma daga 2019 ta sauya tsarin ƙuri'ar zaɓen, ƙungiyoyi uku na ƙarshe kowace kashi 14 cikin ɗari kawai take da shi na samun zaɓin farko, don a rage wa mutane kwaɗayin faɗuwa da gangan.

A namu wasan abin ya fi haka rashin tabbas. Ka zo na ƙarshe ka samu zaɓin farko, amma cikin yaran da aka ware wa rukuninku kaɗai. Wata kakar ka tarar da zinariya, wata kakar duk tsakuwa. Na taɓa kashe kuɗin leƙen yara kaka guda cur, na farkon da na ɗauko ɗan 19 ne mai ƙaramin rufi, kaka biyu ya cika ya tsaya. Alhali mako guda bayan zaɓe kasuwa cike take da 'yan 18, kana ganin komai nasu a fili kafin ka taya. Me zai sa ka ƙona kaka guda don abin da kuɗi zai saya maka?

Ɗan Tudun Wada

Wannan na karɓa. Zaɓen namu caca ne. Amma kuɗin sayen 'yan 18 ɗin daga ina zai fito in bai sayar da kowa ba? Dubu 900 da ke zubewa kowane mako?

Maman Ilham

Zai sayar mana. Mutum ɗaya, ko biyu. Kuma Baban Sadiq ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: ɗan 29 ɗin nan ne.

Baban Sadiq

Haba Hajiya! Shi ne fa mai ci mini maki, 24 a kowane wasa. Shi ne ƙaramin cikin biyar ɗin. Ni na ɗauka daga sama za a fara, mai 34 da mai 33.

Maman Ilham

Abin da ya sa kake son riƙe shi, shi ne abin da zai sa wani ya biya ka. Mai 34 da mai 33 sun riga sun wuce kasuwa, amfaninsu a wurinka ya fi kuɗin da za su kawo nesa ba kusa ba. Shi kuwa ɗan 29 yana kan ganiyarsa, mai neman hawa rukuni zai gan shi ya ce ga kaka uku ko huɗu masu kyau. Kaka biyu nan gaba in ya kai 31, rabin kuɗin nan ba za ka gani ba. Kuma ka tambayi kanka, ranar da yaranka za su nuna, kaka huɗu ko biyar nan gaba, shekarunsa nawa? 34. Ka dawo inda kake yau.

Tunda ana kawo misalan Amurka, ga nawa. Oklahoma City a 2019 ta sayar da Paul George yana da shekara 29, a kakar da ya fi kowace haskawa. Clippers suka ba da Shai Gilgeous-Alexander yana ɗan yaro, da Gallinari, da zaɓen zagayen farko har biyar. A 2025 yaron nan ne gwarzon gasa, kuma shi ya ja su suka ɗauki kofi a kan Indiana a wasa na bakwai. Kuma ku lura, kakar da ta biyo bayan cinikin ba su rushe ba, da Chris Paul yana da shekara 35 suka shiga wasannin fitar da gwani, yaron yana koyo a gefensa.

Malam Isuhu Damagaram

Hajiya ina tare da ke a kan horo, amma a nan ina da ja. In aka cire maki 24 daga ƙungiyar da dama numfashinta ke ƙarewa a kwata ta huɗu, wa zai jefa? Kada garin gudun faɗuwa da gangan a faɗi ba da gangan ba. Ni da zan sayar da mai 31 da dogon nan mai 30, in bar mai cin maki.

Maman Ilham

Malam, su biyun a haɗe ba lallai su kawo abin da shi kaɗai zai kawo ba, kuma ka buɗe ramuka biyu maimakon ɗaya. In dogon mai 30 ya tafi, duk nauyin ƙarƙashin kwando ya koma kan mai 34, wanda shi ne ke bukatar hutu. Sannan makin 24 ba duka za su ɓace ba. Jifan da yake yi wasu za su yi, sai dai ba za su shiga kamar nasa ba. Ina ƙiyasta asarar maki takwas zuwa goma a wasa. Baban Sadiq, kana na nawa a teburi?

Baban Sadiq

Na uku cikin takwas a ɓangarenmu. Wasa 8 muka buga, mun ci 5. Biyun ƙarshe a ɓangaren kwamfuta ce ke riƙe da su.

Malam Isuhu Damagaram

Au, akwai na kwamfuta har biyu? To na janye. Da wannan ba za ka faɗi ba sai in ka so.

Sabon Shiga

Don Allah ku yi haƙuri yayyena, wata biyu ke nan da na fara. Mene ne rufi da Na Samaru ya ambata?

Na Samaru

Iyakar da ɗan wasa zai iya kaiwa ke nan, ƙanena. A shafin kowane yaro akwai matakin da aka rubuta masa. In ƙwarewarsa ta taru ta kai nan, horo sai ya koma tafiyar hawainiya. Kada ka sayi mai ƙaramin rufi don araha, kuma kada ka zuba duk kuɗinka a mai rufin sama da ba za ka iya biyan albashinsa ba in ya girma. Na tsakiya ya ishe ka a rukuninka.

Baban Sadiq

Na gode ƙwarai. Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. Dogon nan mai 34, shi ne yaron da na fara ɗauka a zaɓe, kakata ta farko, ban san komai ba a lokacin. A kansa na koyi horo. Na tuna daren da aka haifi Sadiq, ina zaune a barandar asibiti ina jira, na buɗe waya don in rage fargaba, na tarar ya samu ƙari a tsaron ƙarƙashin kwando. Yanzu Sadiq ɗin yana naziri, yana leƙo wayata yana tambaya ina Dogo. Na san hoto ne da lambobi, amma ba na jin zan iya sa shi gwanjo a saye shi da kuɗin da bai kai na takalmi ba.

Na Samaru

Yaya, sabo ake yi wa kuka, ba wanda zai ga laifinka. Amma bari in kawo ɗaya ɓangaren. Mu nan Zariya muna alfahari da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto, a garin nan ya tashi. A 2018 Toronto ta ci wasa 59, kocinta Dwane Casey ya zama gwarzon koci na shekara, DeMar DeRozan kuma ya yi kaka tara a ƙungiyar, yana son garin, garin na son sa. Masai ya sallami kocin, ya ba da DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, mutumin da ya yi kusan kaka guda yana jinya. Mutane sun zage shi. A 2019 suka doke Golden State suka ɗauki kofinsu na farko, da Pascal Siakam na Kamaru a cikinsu. Wani lokacin shugabanci sai an danne zuciya.

Alhaji na Zangon Kumasi

Na Samaru, Masai ya danne zuciya ne don an ba shi Kawhi. A nan me za a ba Baban Sadiq? Ba komai. Danne zuciya a kan babu ai ba jarumta ba ce.

Ni na ga zamanin Hakeem Olajuwon da idona a talabijin. Kaka 17 a Houston, kofi biyu, 1994 da 1995. A 2001 aka tura shi Toronto, ya yi kaka ɗaya ya ajiye. Har yau in na ga hotonsa da rigar nan sai in ji wani iri. Houston ba ta samu wani abin kirki a cinikin ba.

In misali ake so na yadda ake tsufa da mutunci, a dubi San Antonio. A 2011 suka ba da George Hill suka karɓi Kawhi, na 15 a zaɓe, suka sa shi cikin tsofaffi yana koyo. A 2014 Tim Duncan yana da shekara 38 suka lallasa Miami 4 da 1, yaron ɗan 22 ya zama gwarzon wasan ƙarshe. A kakar nan sun ci wasa 62, kuma babu ɗan wasansu ko ɗaya da ya kai matsakaicin minti 30 a wasa. Kocinsu Popovich ya riƙa ba tsofaffi hutu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma da cokali ake sha, ba da ludayi ba.

Ɗan Tudun Wada

Alhaji, Duncan fa ya yarda an zaftare masa albashi fiye da rabi a 2012. Namu 'yan wasan ba a zama da su a yi ciniki. Kuma ga Lakers, sun ba Kobe Bryant dala miliyan 48 da rabi na shekara biyu yana da 35, bayan tsinkewar agara, don girmamawa. Kakarsa ta ƙarshe wasa 17 suka ci.

Maman Ilham

Ba a ciniki da su, gaskiya ne, amma albashi ana sake lissafa shi a farkon kowace kaka bisa ƙwarewa. Jar kibiyar da ke ɓata wa Baban Sadiq rai ita ce za ta sauke masa albashin Dogo. Ba irin na Kobe ba ne da aka ɗaure da yarjejeniya.

Ka riƙe shi, Baban Sadiq. Amma ka daina ba shi minti 40. Ka tsayar da shi tsakanin 26 da 30, kada ya buga na sada zumunci ko kaɗan. Ka bar salon gudu, ka koma wasan natsuwa da ake tura ƙwallo ciki. A tsaro ka gwada biyu a gaba uku a baya, ya tsaya kusa da kwando ba sai ya bi kowa waje ba. Sai dai in abokin karawarka gwanin jifan maki uku ne, to ranar ka koma mutum da mutum.

Malam Isuhu Damagaram

Kan gwanjon kuma, ka lura da lokacin da zai rufe. Kwana uku yake yi, saboda haka sa'ar da ka sa shi ita ce sa'ar da zai ƙare. Mafi yawan masu kuɗin wasan nan a Turai suke, ka sa shi ya ƙare da dare bayan isha'i, lokacin sun taso daga aiki. Kada ka sa shi da asuba don ka tashi sallah, ba mai gani. Kuma kada ka fara da farashi mai tsada, ka sa abin da in an saya a haka ba za ka yi kuka ba, ka bar su su yi ta hawa.

In kai ne mai saye, ka cika waya da caji tun da rana. Na taɓa bin wani yaro ɗan 18 kwana uku, saura minti huɗu a rufe aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, rezon waya ya tafi tare da shi. Na fita da gudu har bakin titi ina ɗaga waya sama. Kafin ya dawo wani ya ɗauke shi da ƙarin dubu biyar a kan tayina. Yanzu nakan sa iyakar abin da zan iya biya tun da sauran lokaci.

Baban Sadiq

Assalamu alaikum, na dawo da rahoto bayan mako biyu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Na sa ɗan 29 ɗin ranar Lahadi da ƙarfe tara na dare, ya rufe Laraba. Na fara da dubu 900, mutum biyu suka yi ta ja har miliyan ɗaya da dubu 350. Na sayi yara biyu 'yan 18, dukansu na gefe, ɗaya dubu 420 ɗaya dubu 380, na kuma sauya koci zuwa mataki na gaba. Albashi ya sauko zuwa dubu 235, karon farko a kaka uku da asusu ya ƙaru a ƙarshen mako.

Wasa huɗu muka buga, an ci mu uku, mun sauko na biyar. Ba daɗi, musamman na ranar Talata da yaron ya zubar da ƙwallo sau bakwai. Amma wanda muka ci, Dogo ya buga minti 27, ya cafe 11, biyu daga ciki a minti na ƙarshe. Ranar Juma'a kuma na ga koriyar kibiya a jifan ɗaya daga yaran. Na kira Sadiq na nuna masa.

Tambayata yanzu: gurbin yana da sauran minti 48 da mai 31 ke cikewa. In sayi yaro na uku yanzu, ko in jira zaɓen ƙarshen kaka?

Ɗan Tudun Wada

Saya yanzu Baba! Kowane mako asara ne.

Maman Ilham

Barka da arziki. Ni dai ka dakata. Wasa 12 ka buga, ka ci 6, saura 10. Ka ga wasanni biyu masu zuwa tukuna, na gida da wanda ke bin ka a teburi da na waje da ɗaya daga na kwamfuta. In ka ci duka biyun, rukuninka ya tsira, sai ka shiga kasuwa, lokacin ma 'yan 18 sun fara araha don kaka ta yi nisa. Kuma na ukun ka nemi wanda ya ɗan fi waɗannan iya riƙon ƙwallo da miƙawa, don mai raba ƙwallonka 34 zai cika kaka mai zuwa. Turo mini hoton shafin yaron nan mai zubar da ƙwallo in gani, ina zargin horon riƙo ya kamata ka fara sa musu kafin na jifa.